Tabon da ke idon kamarata

Kun zo kuna tambayata ko ku sayi filtir ku ɗaura wa sabuwar kamararku, ko ku bar idonta tsirara. Ɗayanku ya ce ya ga wani Bature a waya yana cewa filtir ɓata hoto yake yi. Ɗayan kuma ya ce mai butik a Damagaram ya rantse masa in babu filtir kamara ba ta kai shekara. So kuke in ce e ko a'a ku kaɗe riga ku tafi. To ba za ku tashi da wuri ba. Baturen nan bai taɓa tsugunawa a bakin rijiyar Kelle raƙuma na watsa masa yashi ba, mai butik kuwa kayansa yake son sayarwa. Ni na ɗauki kamara guda na yi yawo da ita a ƙasar Gure har gemuna ya yi fari, kuma ni ke da tabo a idonta. Ku gyara zama.

Da farko ku san abin da muke magana a kai, don na lura kuna danna maɓalli ne kawai kuna ganin kun iya. Idon kamara shi ne babban gilashin nan na gaba, wanda ƴan lakwal, wato ƴan boko, ke ce wa objektif. Shi ne kamarar, sauran duk akwati ne. Filtir kuwa siririn gilashi ne fari, cikin zoben ƙarfe, ana murɗa shi a gaban idon don duk abin da ya taso ya same shi, kada ya sami idon. In filtir ya lalace a sake wani. In ido ya lalace, a zamaninmu, sai dai ka nemi wata sana'a.

A Damagaram na koya, wurin Alhaji Zakari, Allah ya jiƙansa. Shekara biyu na yi a gidansa ban taɓa kamara ba. Wanke faranti, haɗa maganin wankin hoto, shanya pelikil, wato fim ɗin hoto, a igiya, share ɗakin duhu da jiƙaƙƙen tsumma don kada ƙura ta tashi. Kafin ya bar ni in riƙe ko murfin kamara sai ya duba faratana. Ranar da zai yaye ni ya rufe ƙofa da taga, ya yayyafa wa ƙasa ruwa, ya fito da kamararsa ta biyu. Ya hure idonta da ƙwallon roba, ya bi shi da ƙyalle mai laushi, sannan ya miƙo min shi kusa da fuska.

Ya ce, "Dube shi da kyau, Haruna, don ba ka sake ganinsa."

Na duba. Wani shuɗi-shuɗi ne ke wasa a cikinsa in ka karkata shi. Ya ɗauko filtir ya murɗa a kai har ya tsaya, ya ƙara masa ɗan ƙarfi.

Ya ce, "Gure za ka, garin yashi. Irin idon nan babu shi a kasuwar Damagaram, ni ma daga hannun wani ya zo mini. Ranar da ka kwance wannan zobe, ranar sana'arka ta ƙare. Ka ji ni?"

Na ce, "Na ji, Baba."

Na ji ɗin kuwa. Tsoron wannan magana na ɗauko tare da kamarar na hau mota, kuma shi na riƙe fiye da duk abin da ya koya mini.

Aikina na farko a Gure hoton kart dantite ne, katin shaidar ɗan ƙasa. Na rataya farin ƙyalle a jikin bango kusa da kasuwa, na ajiye kujera guda. Ran kasuwa makiyaya ke shigowa, a cire rawani, a zauna, a ƙame kamar za a yi wa mutum allura. Abin da ban sani ba shi ne mutanenmu ba sa yarda da abin da ba su taɓa da hannu ba. Tsohuwa za ta matso da yatsanta duk man shanu, ta dangwala a tsakiyar gilashi ta ce, "Ɗana, ta nan mutum ke shiga?" Mai sayar da kilishi ma sai ya taɓa. Mafi girma kuwa tofi. Dattijo in ka ɗauke shi ya ji daɗin yadda ka girmama shi, sai ya kama kamarar da hannu biyu ya yi mata addu'a, tunda ita ce abincinka kuma fuskarsa na cikinta, ya ƙare da tofi uku. Yawancinsu da goro a baki. Wa zai ce wa sa'an ubansa kada ya yi masa addu'a? Nakan ce amin, a raina ina dariya, don na san a kan filtir abin ya sauka. In ya juya baya in ja bakin rawanina in goge, zagaye ɗaya, in kira na gaba.

Ƙyallen da Alhaji ya ba ni ya ɓace tun shekarar farko. Ƙwallon robar zafi ya tsattsaga shi. Murfin idon ya faɗa rijiya a Kelle ina leƙen masu jan guga. Ko ɗaya bai dame ni ba, ai akwai filtir. Shekara goma sha wani abu hannuna na yin wannan zagaye da bakin rawani, sau nawa a yini ban sani ba.

Wani aiki a kwarin kanwa, gefen Gidigir, shi ya fara jawo mini. Wasu masu furoje, ƴan aikin raya karkara, suka ɗauke ni kwana uku in ɗauki masu haƙar kanwa. Wanda bai shiga kwarin nan da rani ba bai san shi ba. Ƙasa fara fat, garin kanwa na tashi yana shiga hanci, zufa na zuba daga goshinka kan kamara, ruwan ramin in ya fantsamo ya bushe nan take ya bar fari. Na ga ƙafafun masu aikin duk sun tsage. Na ga bokitin ƙarfe da kanwa ta cinye gindinsa. Na yi ta gogewa da rawani, na gama aikina, na dawo gida.

Bayan kwana kaɗan na ɗaga kamarar a hasken safe na ga gilashin ya yi fari-fari, ba a tsakiya kaɗai ba, har gefe. Na goge, bai tafi ba. Na huce shi da baki na sake gogewa, yana nan. Na karkata shi ina neman shuɗin nan da Alhaji ya nuna mini, ban gan shi ba. Na kasa gane inda farin yake. A fuskar filtir ne, ko a bayansa, ko kanwa ta bi ta haƙoran zoben ta shiga ta ci idon kansa? Na rufe ɗaki, na yayyafa ruwa a ƙasa kamar yadda na ga an yi, na yi bisimilla na kama zoben zan kwance, karo na farko tun ranar da aka ɗaura shi. Ko motsi bai yi ba. Yashi da kanwa da zufar shekaru sun haɗe shi da idon sun zama abu guda.

Na gwada da robar tayar keke. Na kifa shi a tafin sabon takalmin roba na murɗa. Wani makanike a tasha ya ce in kawo ya kama da filaya, na dubi hannunsa na rungume kamarata na gudu. Wani ya ce in ɗiga kananzir, na ji tsoron ya zarce ciki. Amma bari in gaya muku gaskiya, tunda yau na zauna faɗinta. Ban matsa ba. Duk sanda zoben ya ƙi juyawa sai in ji wani sanyi a raina. Muddin yana nan ina iya ce wa kaina filtir ne kawai ya tsufa. In ya fita na tarar idon ne ya mutu, shi ke nan, ba Alhaji, don ya riga ya rasu, ba inda zan sami wani, ga iyali. Tsoron in sani ya fi mini tsoron komai. Na zaɓi in zauna ban sani ba, na yi shekara guda cur a haka.

Ita ce muguwar shekarata. Hotuna suka riƙa fitowa dishi-dishi, baƙi ba ya yin baƙi, fari ba ya yin fari. Wata mata da na ɗauki hotunan sunan ɗanta ta dawo da su har gida ta ce, "Malam Haruna, da ruwan nono kake wanke hoto yanzu?" Aka fara dawo da hotunan kart dantite daga ofis, wai ba a gane fuska. Mutum ya yi tafiyar yini a kan jaki, ya dawo ya tsaya gabana da hoton a hannu. Wani ya zo daga Damagaram ya buɗe shago kusa da tasha da ƴar ƙaramar kamara irin ta aljihu, mata suka koma can. Na riƙa ɗora laifi kan takarda, kan magani, kan zafi. Ran kasuwa in zauna gaban farin ƙyallena daga hantsi har la'asar, kujera ba kowa.

A cikin wannan hali Malam Bukar ya zo. Dattijo ne makiyayi daga arewa, dogo, ba ya ɗaga murya. Ɗansa Kyari ya kawo taguwa, wato raƙuma, kasuwar Gure, wani mutum ya riƙe akalarta ya ce tasa ce da aka sace bara. Aka tsare Kyari, aka ɗaure taguwar a farfajiyar jandarma. Shaidar wuta ta gidajen biyu kusan iri ɗaya ce, layi biyu a tsaye a wuyan raƙumi. Bambancin kawai, ta gidan Malam Bukar tana da ɗan gajeren layi a ƙarƙashi, tsawon gaɓar yatsa, suna ce masa ƙafa. Taguwar na da shi, amma ya tsufa, gashi ya rufe shi, mai ƙara kuma ya ce ai tabon ƙaya ne. Aka yanke cewa a kai hoto wurin babban zuriyarsu can arewa, tsohon da ba ya iya hawa mota, wanda duka gidajen biyu suka yarda yana bambance tabon ƙarfe da na ƙaya. Motar da za ta je can jibi za ta tashi. Mai shagon tasha kamararsa ba ta iya matsawa kusa, sai aka turo Malam Bukar wurina.

Na je na ɗauka da safe, na wanke kafin azahar. Malam Bukar na zaune a ƙofar ɗakin duhu yana jira. Na miƙa masa hoton da sauran danshi. Ya kai shi kusa da ido, ya nisanta shi, ya juya shi.

Ya ce, "Malam, ga wuya na gani. Ina ƙafar?"

Na ce, "Tana nan, Baba, ga ta nan wajen."

Ya ce, "Ni da na sa ƙarfen da hannuna ban gan ta ba. Tsoho zai gan ta?"

Bai yi faɗa ba. Ya ajiye hoton a gwiwarsa ya ce, "In wannan aka kai, Kyari ya zama ɓarawo."

Na koma cikin ɗakin duhu na tsaya, ba abin da nake yi. Na san babu takardar da zan ɗora wa laifi yau. Ko dai in ce masa ba zan iya ba, ko in cire zoben in ga abin da nake gudu. Sai na tuna Baba Mele.

Baba Mele maƙerin azurfa ne a bayan kasuwa. Ban da ƙira, an san shi da abu guda: in zobe ya maƙale a yatsan mace mai ciki, ko munduwa ta shige hannun yarinya da ta girma a cikinta, shi ake kai wa ya yanke ba tare da ɗigon jini ba. Matata ma ya taɓa yanke mata zobe. Na same shi bayan azahar yana shan shayi. Ya karɓi kamarar ya jujjuya ta, ya ƙwanƙwasa zoben da farce.

Ya ce, "Waɗanda nake yanke wa zobe kuka suke yi. Wannan ba ta kuka, kai ke yi mata."

Na ce, "Baba, in magagarinka ya taɓa gilashin ciki, na mutu."

Ya ce, "To mi ya kawo ka? Koma da abarka."

Ban koma ba. Ya bayyana mini yadda zai yi. Zai tsaga bakin zoben wuri biyu, nan da can, daura da juna, sannan ya gitta bayan wuƙa a cikin tsagin ya murɗa. Abin tsoro shi ne garin ƙarfe, da kuma filtir ɗin in ya fashe ya faɗa ciki. Saboda haka idon zai kalli ƙasa, duk abin da zai zuba ya zubo waje. Ya jawo turame biyu ya gitta itace biyu a kansu, na kifa kamarar a tsakani na danne ta da hannu biyu. Shi kuma, tsoho da shi, ya shimfiɗa tabarma ya kwanta rigingine a ƙarƙashi, ƙaramin magagari a hannunsa.

Ya ce, "Danne ta da kyau. In ta motsa, ba ruwana."

Na ƙara dannewa har yatsuna suka yi fari. Ya fara. Duk jan magagari ɗaya a haƙorana nake jin sa. Ba na ganin abin da yake yi, bayan kamara kawai nake kallo da ƙafafunsa da suka fito daga ƙarƙashin itace. Zufa na gangarowa ta shiga idona, ba halin in share. Ina jin maganar Alhaji a kunnena, ranar da ka kwance wannan zobe. Na karanta duk abin da na iya karantawa. Garin ƙarfe na zuba kan gemun Baba Mele, shi ko a jikinsa, har wata ƴar waƙa yake yi ta hanci.

Tsagi na farko ya fita lafiya. Ya zagaya ya kama na biyu. Yana cikin ja sai na ji ƙas, ƙaramar ƙara, amma ta bi ta jikin kamarar ta shiga tafin hannuna. Na ce innalillahi, na yunƙura zan ɗaga ta.

Ya daka mini tsawa daga ƙasa. "Kada ka juya ta. Kada ka leƙa. Na waje ne ya tsage, bar shi ya faɗo kaina."

Na tsaya. Na ji gutsattsarin gilashi na sauka kan rigarsa ɗaya bayan ɗaya. Ya zaro sauran da ɗan awartaki, a hankali, yana ajiyewa gefe. Sannan ya gitta wuƙar ya ce in riƙe da duk ƙarfina. Ya murɗa, ba ta motsa ba. Ya sake, na ji kamar idon gaba ɗaya zai tsinke daga jikin kamarar. A na uku zoben ya yi wani ƙugi, farin gari ya zubo, ya juya. Ya ƙarasa kwance shi da yatsu ya miƙo mini ta gefe.

Ya ce, "To, juya ta."

Na kasa. Wallahi na kasa. Shi ya taso ya kakkaɓe gemu, ya ɗauke ta daga hannuna ya hure ta tana kife, ya juya ta wajen haske ya daɗe yana kallo. Ni fuskarsa nake kallo.

Ya ce, "Wannan ne abin da kake wa kuka?"

Na leƙa. Shuɗin nan ne, yana wasa, kamar wuyan tantabara. Ko ƙwayar ƙura babu. Yadda Alhaji ya rufe shi haka na same shi, shekara goma sha wani abu iska ba ta taɓa shi ba. Duk farin nan a jikin filtir yake, goge-gogen rawanina da kanwar Gidigir. Na zauna a ƙasa. Shekara guda na kashe kasuwata saboda gilashin da ake sakewa.

Amma tsoro bai tafi ba, sabo ne ya zo. Yanzu idon tsirara yake a garin Gure, ba filtir, ba murfi. Na cire hulata na kifa masa, na rungume kamarar a ƙirji, na bi gefen bango har farfajiyar jandarma ina kallon kowace iska da ta motsa ganye.

La'asar ta yi, rana ta karkata, hasken da nake so ke nan, don shi ke fito da tabo in ya bugo daga gefe. Aka gurfanar da taguwar. Malam Bukar ya jiƙa wuyanta da ruwa, wani jandarma ya ba da reza aka aske gashin wurin. Na durƙusa a yashi, na cire hular, na kai idona bayan kamara. Na manta haka duniya take a cikin kamara. Kowane gashi daban, ƙuda ya sauka ina ganin ƙafafunsa. Ga layi biyu, ga ƙafar a ƙarƙashi, gefenta a miƙe sumul yadda ƙarfe mai zafi ke bari, ba yadda ƙaya ke yagewa ba. Na ɗauka sau uku, na matsa na ƙara biyu. Daɗi ya ɗebe ni na ce wa Malam Bukar ya zo ya sa ido ya gani da kansa.

Ya sunkuya ya leƙa. Ya daɗe. Da ya ɗago idanunsa sun kawo ruwa. Ya kama kamarar da hannu biyu, tana rataye a wuyana, ya yi mata addu'a mai tsawo, ya yi wa iyayena, ya yi wa wanda ya koya mini. Sannan ya yi tofi uku. Da goro a bakinsa.

Na ce amin. Na ga jajayen ɗigo a kan gilashi. Kafin in yi tunani hannuna ya riga ya tafi, ya ja bakin rawani, rawanin da ya sha yashi sanda na durƙusa gaban taguwa, ya yi zagayensa ɗaya da ya saba. A tsakiyar zagayen na ji wani ɗan ƙiii a ƙarƙashin yatsana, sannan na tuna babu filtir.

Ban duba a wurin ba. Na mayar da hula na kifa, na yi sallama da su da murya daidai, na taho. A ɗakina na duba. Tabo ne kamar jinjirin wata, daga gefe ya lanƙwaso har kusa da tsakiya, da wasu ƙanana biyu na bin sa. Abin da kanwa ba ta yi ba, magagarin Baba Mele bai yi ba, fashewar gilashi ba ta yi ba, hannuna ya yi shi tsakanin azahar da magariba.

Hotunan taguwa sun fito, tunda kafin tabon na ɗauke su. Ban taɓa wanke hoto mai kyansu ba. Motar ta tafi da su, tsoho ya duba ya ce ƙarfe ne, aka saki Kyari. Bayan wata biyu Malam Bukar ya aiko mini da cuku, busasshen nonon makiyaya, da ɗan rago. Na karɓa na yi godiya. Har ya bar duniya bai san abin da ya faru ba, kuma ba laifinsa ba ne. Addu'a ya yi mini yadda iyayensa suka koya masa.

Na yi sati ban iya ɗaukar kowa ba, ina tsoron abin da zan gani. Da na gwada sai na gane halin tabon. In rana na bayana, hoto garau, ba wanda zai ce akwai wani abu. In haske ya fito daga gaba ko daga gefe, ko da bango ne fari a bayan mutum, tabon ya kama shi ya watsa, rabin hoton ya wanke. Wato an bar mini sana'ata, amma da sharaɗi. Ba ni da sauran ɗaukar mutum a inuwar bishiya fili na haske a bayansa, ba ni da ɗaukar amarya a bakin ƙofa. Farin ƙyallena ma na sake shi da mai ruwan toka. Da safe kowa ya fuskanci gabas, da yamma kowa ya fuskanci yamma, rana a cikin idonsa. Wani direba ya sayo mini sabon filtir daga Kano bayan wata huɗu, na ɗaura shi a kan tabon. Mutane suka dawo, kart dantite ta daina dawowa daga ofis, na ci abinci da wannan ido har pelikil ya ƙare a duniya.

To ga amsarku, in har amsa ce. A ƙasar nan ku ɗaura filtir, kuma ku sayi mai kyau, don Baturen bai yi ƙarya ba, marar kyau na ɓata hoto. Amma kowace Juma'a ku kwance shi, ku hure haƙoran, ku goga musu bakin fensir don kada su kama, ku dubi idon da ke ƙasa ku san halin da yake ciki. In ya fara fari ku jefar da shi, kada ku yi shekara kuna zargin takarda. Murfi ya zauna a aljihu, ƙyalle ya zauna a cikin leda. Kuma ku goge filtir kamar babu shi, kamar idon kuke gogewa, don wata rana zai zama babu shi ɗin, hannu kuwa ba ya tsayawa ya tambaya.

Na ga kuna murmushi, kuna ganin tsoho ya cika tsoro. Kai da ka fara tambayar, in ka koma gida ka dubi hoton auren iyayenka da ke rataye a ɗakin mahaifiyarka. Ni na ɗauke shi. Ka dubi idanunsu, ka ga yadda suka runtse, goshi a tattare, kamar an yi musu laifi ranar farin cikinsu. Ka shiga gidan maƙwabta ka duba nasu, haka za ka gani, rabin garin nan haka na bar su a jikin bango. Ina tune da ranar. Mahaifiyarka ta sa hannu ta kare fuska ta ce, "Malam Haruna, rana na cin idona, mu koma inuwa mana." Na ce mata ta sauke hannu, haka hoto ke so. Ƙarya na yi mata.